Ƙurjin Nonon da Ya Ƙi Warkewa Wata Bakwai: Ina Aka Dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Daura nake rubutowa a kan ƙanwata. Shekararta 29, haihuwarta uku, kuma kusan shekara biyu ke nan da ta yaye na ƙarshen. Wata bakwai da suka wuce wani ƙullutu mai tauri ya fito mata a nonon hagu, ya yi ja, ya fashe yana zubar da mugunya. In wannan baki ya rufe sai wani ya buɗe a gefensa. Ta sha Ampiclox, ta sha Augmentin, ta sha sifro, an yi allurai, an tsaga wurin har sau biyu. An kai mugunyar gwaji aka ce ba a ga komai ba. Yanzu wani ma'aikacin lafiya ya ce a ɗora ta a kan firednisolon, mutanen gida kuma sun ce daji ne, kada a ƙara bari ƙarfe ya taɓa shi. Maigidanta tsoronsa kada a ce za a cire nonon. Ba ta tari. Mene ne wannan, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Sannunku da jinya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ta fara shan firednisolon ɗin nan tukuna, kuma kada a ƙara sayo mata wani kafso ko allura, sai an ɗebi 'yar tsoka daga cikin ƙullutun an duba ta a ɗakin gwaji. Wata bakwai ke nan ana yi wa ciwo magani ba a san sunansa ba. A ƙasar nan cututtuka uku ne suka fi zuwa da irin wannan kama, kuma ido ba ya raba su, hannun likita ba ya raba su, sau da yawa hoto ma ba ya raba su. Abin da ya sa na matsa shi ne, maganin ɗaya daga cikinsu yana iya rura wutar ɗayan.

Ƙurjin nonon da kowa ya sani na mai goyo ne. Yakan zo a makonnin farko na jego ko a lokacin yaye, idan ruwan nono ya taru bai fita ba, ko kan nonon ya tsage ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Ƙwayar da ta fi yin wannan aiki ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke kawo maruru. In an dace da magani kuma aka ci gaba da shayarwa, cikin kwana 2 ko 3 sauƙi zai fara bayyana, kafin mako biyu an wuce wurin. In mugunya ta taru a zuƙe ta. Na ƙanwarki bai bi wannan hanya ba ta kowace fuska: ba ta shayarwa, magunguna masu ƙarfi sun shiga sun fita bai motsa ba, ga bakuna suna buɗewa suna rufewa. Ƙa'idar da muke nanata wa ƙananan likitoci ita ce, duk kumburin nonon da ya wuce mako biyu ana magani bai sauka ba, ko ya sauka ya dawo, to a tsaya a bincika kafin a sake rubuta komai.

Na farko cikin ukun, wanda na fi zargi, in aka dubi shekarunta da tazarar da ke tsakanin yayen da fitowar ciwon, wani kumburi ne da ke kama mata masu shekarun haihuwa, galibi cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan haihuwarsu ta ƙarshe. In aka duba tsokar a madubin gwaji sai a ga ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi dunƙule-dunƙule kewaye da 'yan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono. Wannan dunƙule shi likitoci ke kira giranuloma. Wasu likitoci biyu, Kessler da Wolloch, su suka fara bayyana ciwon a 1972, kuma an daɗe ana rubuta shi cikin cututtukan da ba a san sababinsu ba. A 1998 aka gano wata ƙwayar cuta aka raɗa mata suna Corynebacterium kroppenstedtii, sannan a farkon shekarun 2000 masu bincike a birnin Oklan na ƙasar Niyu Zilan suka nuna cewa ana samun ta, ita da danginta, a nonon mata da dama masu wannan kumburi. Ba duka ba, amma da dama. 'Yar'uwar ƙwayar mashaƙo ce, wanda ya yi mana ɓarna a Kano da Yobe da nan Katsina a 2023, sai dai kada wannan ya tayar muku da hankali. Ba ta shaƙe maƙogwaro, ba ta bin iska, kuma ƙanwarki ba za ta shafa wa mijinta ko 'ya'yanta ba.

Ƙwayar nan hali ɗaya gare ta da zai iya bayyana kusan duk wahalar da kuka sha: sai da kitse take rayuwa. Nono kuwa kitse ne mafi yawansa, ga maiƙon ruwan nono da ke saura a ciki bayan yaye, don haka sai ta shige cikin ɗigon kitse ta zauna. Magungunan dangin fenisilin, irin su Ampiclox da Augmentin da allurar da ake yawan yi ta seftirayazon, cikin ruwa suka fi tafiya, ba sa ratsa kitse sosai. Ana sha ana ƙarawa, ita tana kwance inda ba su kai ba. Haka kuma a ɗakin gwaji, ba ta tsirowa da kyau a farantin da aka saba shuka mugunya sai an ƙara masa maiƙo, kuma tana da nawa, takan ɗauki kwana 3 ko fiye kafin a ga ɗan burbushinta. In ma ta fito, kamanninta ɗaya da danginta marasa cutarwa da ke zaune a fatar kowa, sai mai gwaji ya ɗauka datti ne ya biyo daga fata, ya ƙi rubuta ta.

Wannan ya kawo ni kan takardar da ta ce ba a ga komai ba. Ita ce ta fi ɓatar da mutane, har da ma'aikatan lafiya. Ma'anarta kawai, babu abin da ya tsiro a faranti na yau da kullum cikin kwana biyu, domin yawancin ɗakunan gwaji bayan awa 48 suke rubuta sakamako su zubar da farantin. Ƙwayar tarin fuka ba ta tsirowa cikin kwana biyu, faranti na musamman ake shuka ta, kuma takan ci mako 6 har zuwa 8. Akwai ƙwayoyin da iska ke kashewa tun kafin a isa ɗakin gwajin. Ƙara da cewa mai yiwuwa lokacin da aka ɗebi mugunyar tana cikin shan magani, kuma mai yiwuwa auduga aka goga a bakin ƙurjin maimakon a zuƙo daga ciki. Saboda haka ku adana takardar, amma kada a gina hukunci a kanta.

Ga wasu tambayoyi da za ki yi mata, don likitan da zai gan ta zai so amsarsu. Tun da ta yaye, nonon ya ƙafe ko har yanzu in an matsa ruwa na fitowa? Al'adarta na zuwa daidai? Tana shan wani magani na dindindin? Akwai sinadarin da ke kawo ruwan nono, firolaktin, wanda yawansa a jini ke da alaƙa da wannan kumburi, kuma wasu magungunan larurar ƙwaƙwalwa irin su risferidon da haloferidol, da maganin amai metokulofuramaid, suna ɗaga shi. Ki tambaye ta kuma ko ta taɓa ganin wasu jajayen ƙulluttai masu zafi a ƙwaurinta, ko ciwon gaɓoɓi, tunda wasu matan da su yake zuwa.

Na biyu shi ne tarin fuka. Kin ce ba ta tari, na ji, amma wannan bai wanke ta ba. Ƙwayar tibi ba a huhu kaɗai take sauka ba, tana kama ƙashin baya, kaluluwar wuya, hanji, har da nono, kuma mafi yawan matan da ta kama wa nono ba sa tari ko kaɗan. Ba sabon abu ba ne, wani likitan fiɗa na Landan, Astley Cooper, ya bayyana shi tun 1829. A Turai yanzu da wuya likita ya gan shi, amma Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, don haka mu ba mu da ikon mancewa da shi. Takan iso nono daga kaluluwar hammata, ko daga haƙarƙari, ko ta jini. Kamarsa kuwa daidai da abin da kika faɗa: ƙullutu mai tauri, ƙurji marar zafi sosai, bakuna da yawa masu tsiyaya. Rama, zazzaɓin yamma da gumin dare suna ƙara zargi in akwai su, rashinsu kuma ba ya kore shi. A tuna ko akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidansu ko gidan mijinta. Akwai kuma tibin shanu da ke biyo madarar da ba a tafasa ba, abin da ya kamata mu mutanen Daura da Katsina mu riƙa tunawa, tunda kiwo a ƙofar gidanmu yake.

To ga inda haɗarin yake. Firednisolon aikinsa kwantar da garkuwar jiki. A kumburi mai giranuloma da na bayyana yana da amfani ƙwarai, kuma wanda ya ba ku shawarar ba daga sama ya ɗauko ta ba. Amma in tibi ne a ciki, garkuwar jikin nan ita kaɗai ke tsare da ƙwayar. A makonnin farko kumburin zai sauka, kowa ya yi hamdala, alhali ƙwayar ta samu sarari tana yaɗuwa, wani lokaci har huhu ko ƙwaƙwalwa. Sifro da danginsa, musamman lebofuloksasin, su ma suna da tasu illar: suna taɓa ƙwayar tibi su raunana ta ba tare da sun kashe ta ba, sai ciwon ya ɗan lafa, gwaji ya kasa ganin ta, ita kuma ta koyi jure magani. Tun da ana maganar nan, in tana shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin, ta faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin da yawansu irin wannan sinadarin ne a ciki.

Na uku shi ne wanda mutanen gida suka ambata. Akwai nau'in sankarar mama da ke zuwa da ja da zafi da nauyi, fatar ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige ciki. Shekara 29 ba ta hana shi, matanmu kan gamu da sankarar mama da ƙuruciya fiye da matan Turai. A ganina, ƙurjin da ke fashewa yana rufewa da mugunya har wata bakwai ya fi karkata ga biyun farko, amma karkata ba tabbaci ba ce, kuma babu likitan kirki da zai rantse miki ba tare da ya ga sakamakon tsoka ba.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, na san tushenta. Mata da yawa sai ciwo ya gama bin jiki ake kawo su, a yi aiki, ba da jimawa ba rai ya yi halinsa, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa sankara, jinkiri ne ke ba ta lokacin yaɗuwa. Duk da haka zan ba mutanen gida rabin gaskiyarsu: yawan tsagawa bai yi wa ƙanwarki amfani ba. A tibi da kuma kumburi mai giranuloma, inda aka yanka ba ya saurin haɗewa, sau da yawa shi ke komawa sabon baki mai tsiyaya. In haka abin yake da wuƙar asibiti, ina ga sakiya da ƙaho da tsagar wanzami, ko haɗin da ake shafawa yana cin fata? Waɗannan sababbin ƙwayoyi suke zubawa a ciki, su ɓata tsokar har mai dubawa ya kasa karanta ta.

Akwai wasu da ba su kai waɗannan yawa ba, zan ambace su a gurguje. Ƙurjin da ke yawan dawowa a gefen baƙin kan nono an fi ganin sa ga masu shan taba, ƙwayoyin da ba sa son iska ne a ciki, kuma sai an haɗa da irin su Flagyl, wani lokaci a cire bututun da ya lalace. Akwai Actinomyces mai fitar da 'yan tsaba rawaya cikin mugunya, wadda ke buƙatar fenisilin na watanni. Akwai Brucella ta ɗanyar madara da hulɗa da dabbobi. Ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki kuma suna sa kowane irin ƙurji ya ƙi warkewa.

Yanzu ga abin yi. Ku nemi asibitin da ya haɗa abu uku: likitan fiɗa, na'urar sikanin, da ɗakin duba tsoka. Ku karɓi takardar turawa daga inda ake ganin ta a Daura zuwa sashen fiɗa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In Kano ta fi muku sauƙi akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na Shika a Zariya. Ku tafi da duk takardun baya da kwalayen magungunan da ta sha, ko da babu komai a ciki, kuma ki zauna da ita ku rubuta wanne ta sha, yaushe, na kwana nawa. Za a duba nonon biyu da hammata, sannan a yi sikanin. A shekarunta sikanin ya fi hoton nono na mamogiram nuna abu, domin nonon matashiya a cike yake, ga shi matsa nono mai ƙurji cikin na'ura azaba ce. Sikanin zai nuna inda mugunya ta taru da hanyoyin da ta haƙa a ƙarƙashin fata.

Daga nan sai ɗibar samfur, kuma a nan nake so ki buɗe kunne, don a nan aka fi yin asarar kuɗi da lokaci. Abu biyu ake ɗauka. Mugunya, a zuƙo ta da sirinji daga can ciki ta fatar da ba ta fashe ba. Sai tsoka, da wata allura mai kauri da ke yanko siririn zare daga jikin ƙullutun bayan an kashe zafin wurin. Minti kaɗan ne, ba a kwana, ba a ɗinki. Siririyar allurar nan da ke tsotso ƙwayoyi kawai takan taimaka, amma sau da yawa ba ta isa ta raba waɗannan cututtuka ba, don haka na fi son mai kaurin. Tsokar kuma a raba ta kwalba biyu. Ɗaya a ruwan fomalin, ita ce za ta je wurin mai duba tsoka. Ɗayar a ruwan gishirin asibiti, ita ce ta gwajin ƙwayoyi. Fomalin na kashe duk abin da ke da rai, in aka zuba duka a cikinsa babu abin da zai tsiro, sai a sake dawowa a sake huda ta. Ba rashin ladabi ba ne ki ce, “Likita, don Allah za a raba har da na gwajin tibi?”

A takardar da za ta raka samfurin ya kamata likita ya rubuta abin da yake nema ƙarara: a yi GeneXpert, a yi rinin neman ƙwayar tibi, a shuka ta, a riƙe farantin yau da kullum kwanaki fiye da yadda aka saba, kuma in dangin Corynebacterium sun fito kada a yar da su a matsayin datti. GeneXpert na'ura ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, cikin kamar awa biyu take gano ƙwayar tibi, ta kuma faɗi ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibi. Gwajin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Shuka kuwa akan tura ta manyan ɗakunan gwaji irin na cibiyar tibi da kuturta ta ƙasa da ke Saye a Zariya. In likita ya ga jikinta zai jure, yakan dakatar da magungunan kashe ƙwayoyi na 'yan kwanaki kafin ɗibar. Za a haɗa da hoton ƙirji, gwajin suga, gwajin HIV, gwajin ciki, da firolaktin in akwai dalili. Gwajin fata na tibi da ake yi a hannu ba ya yanke hukunci a nan, don da yawanmu zai nuna alama saboda rigakafin BCG ko tsohuwar haɗuwa da ƙwayar.

Sakamakon tsoka yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. A wannan tsakani ta sha maganin rage zafi, a riƙa wanke bakunan da ruwan gishirin asibiti ana rufewa da bandeji mai tsabta, ta sa rigar nono ta auduga mai tallafewa ba mai matsewa ba. In zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi ya zo, ko jan ya fara bazuwa da sauri, ko fatar ta fara baƙi, ko ta fara rikicewa, ba a jiran ranar ganin likita, a kai ta sashen gaggawa a ranar.

In tibi ne, an samu sauƙi ta wata fuska, don maganinsa sananne ne kuma kyauta. Wata 6 ne: wata 2 na farko magani huɗu a haɗe, rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da etambutol, sannan wata 4 na biyun farko kawai. Ba sai ta riƙa zuwa Katsina karɓa ba, za a mayar da ita sashen tibi mafi kusa da ita a Daura. Fitsarinta zai koma ja-ja, rifamfisin ne, ba jini ba ne. Abin da za a sa wa ido shi ne idanu su yi rawaya, amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a nan a koma asibiti nan take. Akan ƙara mata bitamin B6 saboda jin tsitstsira a tafin ƙafa. Ga wani abu da ake yawan mantawa a gaya wa mata: rifamfisin na karya ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da abin da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu, don haka a sake shawara kan hanyar da za ta bi. Bakunan sukan fara bushewa tun kafin a yi nisa, kuma a nan ne mutane ke ajiye magani su ce an warke. Wanda ya yanke a tsakiya shi ke gamuwa da tibi marar jin magani.

Akwai wata tsaka-mai-wuya da ya kamata ku san da ita tun yanzu. Ƙwayar tibi a nono kaɗan ce, don haka GeneXpert na iya cewa babu alhali akwai. Wani lokaci sakamako zai dawo da giranuloma kawai, babu ƙwaya ko ɗaya. A nan likita zai auna: tsokar ta nuna irin ruɓewar da aka san tibi da ita? Kaluluwar hammata ta kumbura ta manne? Akwai mai tari a gida? Hoton ƙirji ya nuna wani abu? In alamun sun taru, fara maganin tibi hukunci ne mai kyau a ƙasa irin tamu, kuma in an fara sai a kai ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora kowace mace a kan maganin wata shida don kawai an ga giranuloma. Kuma samun sauƙi a kan maganin ba hujja ba ce cewa tibin ne, tunda rifamfisin na kashe Corynebacterium ita ma.

In kuwa an kore tibi da sankara, aka tsaya kan kumburi mai giranuloma, to sai haƙuri, don shi ba ya gaggawa. Mai duba tsoka kan gane hannun Corynebacterium ta wasu 'yan ramukan kitse da ƙwayoyin garkuwa suka yi wa zobe, wani lokaci a ga ƙwayar kwance a ciki. Maganin da ake zaɓa shi ne mai ratsa kitse, irin su doksisaikilin, kilaritromaisin ko kilindamaisin, gwargwadon abin da gwaji ya nuna tana ji, kuma na makonni ne, ba na kwana biyar ba. Doksisaikilin ba na mai ciki ba ne, ana shan sa da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take, kuma a raba shi da fura da kindirmo, maganin ƙarin jini da na olsa da kamar awa biyu ko uku, don suna hana shi shiga jini. Mugunya in ta taru a zuƙe da allura, ko sau nawa ne, ya fi a tsaga. Sai a nan ne firednisolon ke da gurbi, a hannun likita, ana duba suga da hawan jini, ana rage shi a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya. Wasu likitocin a cikin ƙullutun suke yin allurarsa don a rage illarsa ga sauran jiki. In ya ƙi, akwai metotireksat, wanda sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma yana lalata juna biyu, don haka ba a ɗaukar ciki a kansa. Ciwon kan ɗauki watanni, wasu har shekara ɗaya ko biyu, yana lafawa yana tashi kafin ya mutu, kuma ba ya rikiɗa ya zama sankara.

Ki gaya wa maigidanta cewa a tibi da wannan kumburi da wuya ƙwarai a kai ga cire nono. Mafi yawa magani da zuƙe mugunya sun isa, in an yi aiki ma ɗan wurin da ya ƙi warkewa ake cirewa daga baya. Tabo zai saura, wani lokaci nonon ya ɗan lotsa. In Allah Ya kawo wani rabo za ta iya shayarwa, ko da ɓangaren da ya yi ciwo bai kawo ruwa kamar da ba. Zai fi kyau shi ma ya raka ta ranar ɗibar tsokar ya ji bayani da kunnensa, don kada a dawo gida a sake sabon zama kan ko a yarda ko kada a yarda.

In an fara magani, kowanne ne, a riƙa komawa ana auna ƙullutun da sikanin lokaci-lokaci. In an yi wata biyu zuwa uku babu wani canji, ko wani ɓangare ya ƙi narkewa alhali sauran sun sauka, ko sabon ƙullutu ya fito a hammata, a sake ɗibar tsoka daga wannan wurin. Allura zare kaɗan take ɗaukowa, tana iya kuskure abin da ke gefenta, kuma an sha samun cuta biyu a nono ɗaya.